Gora Biyu a Maratayi Ɗaya

Da sunan Allah mai rahama na ɗauki alƙalami, ina yin salati ga Manzonsa. Bayan haka, wannan labarin jinyar surukina ne, uban maigidana, wanda za ku ji ina kira Baba Malam, don har yau bakina bai iya faɗin sunansa ba. Na rubuta shi ne domin matan da suke zuwa ɗaukar karatu wurina da la'asar, musamman masu dafa sabulu. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ni mutuniyar Sara ce, ta ƙasar Gwaram. Mahaifina ya koya mini karatu har na yi sauka, na ɗan taɓa littattafan tsarki da salla, sannan aka kawo ni aure Unguwar Ya, kusa da Birnin Kudu. Lokacin da abin ya faru shekarata tara a gidan. A cikin shekara taran nan Baba Malam bai taɓa jin muryata sosai ba. In zan gaishe shi, daga bayan zana nake durƙusawa in yi ƙasa da murya, shi kuma ya amsa yana duban wani wajen. In ya shigo ta nan, in fita ta can. Haka muka tarar, haka aka koya mana, kuma ana yabona a kai. Ƙanwarsa Gwaggo Asabe, wadda danga ɗaya ce ta raba gidanta da namu, takan ce wa amaren unguwa, "Ku je ku zauna da 'yar Sara ku koyi kunya."

Matar Baba Malam ta rasu shekara biyu kafin nan, don haka ni nake jiƙa masa magani. Yana da wani ciwon ciki na tsufa da yake sha wa sassaƙen maɗaci kullum da hantsi. Tun da ba zan miƙa masa hannu da hannu ba, sai muka saba da wani tsari wanda ba mu taɓa yin maganarsa ba. In jiƙa, in tace, in zuba a gora, in rataye a wani maratayi da ke jikin rumbu, can sama inda hannun yara da bakin awaki ba sa kaiwa. Shi kuma in ya taso daga zaure ya sauke ya sha. Wanda ya san maɗaci ya san ba a ɗanɗana shi. Toshe hanci yake yi, ya rufe ido, ya kwankwaɗa sau uku, sannan ya yi hamdala.

Bayan an girbe dawa, lokacin sabulu ne a wurinmu, saboda kara ya samu. Mukan ƙona kara da ɓawon kuka, mu zuba tokar a tukunya mai huda a gindi, mu yi ta zuba ruwa yana ɗiga. Ruwan tokar da ake sa wa miya daban ne, wannan mai sauƙi ne. Na sabulu sai an mayar da shi kan sabuwar toka sau biyu ko uku, an kuma dafa shi ya ƙone ya yi ƙarfi, har in an tsoma gashin kaza aka ɗan jima, sai a zaro tsinken kawai. Launinsa ja ne mai duhu. Launin jiƙon maɗaci ke nan sak. Ni da nake haɗa su duka biyun da hannuna ban taɓa lura ba sai ranar.

Ranar Talata ce. Na sauke goran maganin na wanke don in sake jiƙo, na kife shi a madafa. Ruwan tokar ya huce, ina jiran kitse ya narke, sai na ga tukunyar ta tsage daga gindi tana yoyo. Wahalar kwana huɗu tana bin ƙasa. Na duba, abin da ke kusa da hannuna shi ne ɗan'uwan goran nan, a kan dangarmu suka fito tare, tsawo ɗaya, wuya ɗaya. Na juye abin da ya saura a ciki, na toshe da totuwa. Sai na tuna yara suna wasa a ƙofar gida, kuma akuyarmu ba ta da turke. Wuri ɗaya ne a gidan da na san ba sa kaiwa. Na rataye shi a can, na ce kafin in ɗauko wata tukunya a ɗaki.

Ku lura, ba wai ban yi tunani ba. Na tuna da yaro, na tuna da akuya. Babban mutum ne ban tuna da shi ba.

Na fito daga ɗaki da tukunya a hannu, sai na gan shi tsaye a gindin rumbu, goran yana hannunsa. Tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Ba kowa a tsakar gida, maigidan yana gona wajen ɗaurin dawa. Abin da na yi zan faɗe shi yadda yake. Na durƙusa. Na yi gyaran murya. Na waiwaya ina neman wanda zan aika ya faɗa masa. Na yi sallama da muryar da na saba, wadda ko kazar da ke gabana ba ta ji ba. Shi kuwa ya toshe hanci.

Sau biyu ya haɗiya. Na ukun ne ya fesar.

Sai da ya zube a kan gwiwoyinsa, goran ya gangara, sannan ihun ya fito daga bakina. Gwaggo Asabe ta ratso danga ba ko ɗankwali.

"Me ya sha?"

"Ruwan toka."

"Na miya?"

"Na sabulu."

Ta yi salati, ta ce, "A fito da ruwan tun bai zauna ba!" Ta dama gishiri a ruwan ɗumi ta ɗura masa, ta tura masa gashin kaza a maƙogwaro har ya yi amai sau uku. Na biyun da jini ya zo. Wata maƙwabciya ta ce ai tsami ne yake kashe kanwa, kowace mai girki ta san haka, aka dama tsamiya aka ba shi. Ya yi wani irin nishi da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. Ban hana ba. Ni ma a lokacin na ɗauka daidai ake yi.

Da maigidan ya zo, aka tambaye ni yadda goran ya hau maratayi, na faɗa. Ya ce ƙaddara ce, ya yi kwana uku bai ƙara ce mini komai ba. Inda nake tsaye lokacin da aka sha, ba wanda ya tambaya. Gwaggo ma cewa ta yi, "Da kina tsakar gidan ai da kin hana shi." Ban gaya mata a can nake ba.

Makon farko bakinsa ya kumbura har leɓɓan suka juye. Harshen ya yi fari kamar an goga masa alli, bayan kwana uku ya koma baƙi-baƙi, fatar tana saɓulewa kamar ruɓaɓɓen tsumma. Yawu ba ya haɗiyuwa, sai muka ajiye masa kasko da yashi a ciki yana tofarwa. Zazzaɓi yana zuwa da la'asar. Magana babu, sai nuni. Salla a zaune.

Jinya ta faɗo kaina don ba wata. 'Ya'yansa mata suna aure a nesa, Gwaggo hannunta yana rawa, maigidan ga dawa a gona ga ɗalibai a zaure. Sai ga ni a ɗakin da ban taɓa taka ƙofarsa ba, na durƙusa na ba shi gefe, ina miƙa ludayi a kaikaice, fuskata tana duban bango. Rabin abin da na ɗebo a gemunsa yake ƙarewa.

Madara ce kaɗai take wucewa, ɗigo-ɗigo. Akwai wata Bafulatana da take kawo mana nono, da ta ji labari sai ta riƙa biyowa da madarar safe da ɗuminta kafin ta shiga gari, ba ta taɓa fashi ba. Allah ya saka mata. Masu dubiya kuwa Allah ya ba su lada, amma sun gajiyar da shi. Kowa da maganinsa. Wannan zuma da citta, wannan ɗanyen ƙwai, wannan garin gawayi, wannan ya ce ai ba toka ba ce, sammu ne ya biyo ta cikin toka. Kowa kuma so yake a ba shi a gabansa ya gani da idonsa. Baba Malam ba ya iya cewa a'a da baki, ba ya kuma son ya kunyata wanda ya zo da alheri, sai ya buɗe bakin. Na lura duk ranar da aka yi dubiya da yawa, yashin kaskon yakan yi ja. Rubutun da abokansa malamai suke aikowa ne kaɗai bai wahalar da shi ba.

A mako na biyu kumburin ya sauka. Ya sha farau-farau, ya sha kunu. Murya ta dawo a dishe. A na uku ya ci tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, loma biyar, ina ƙirgawa daga bayan ƙofa. Ranar Juma'a aka kai shi masallacin Birnin Kudu a kan jaki, mutane suna ta yi masa barka da arziki. Maigidan ya yanka ɗan akuya aka yi sadaka. Na koma bayan zanana, na ɗauka an gama.

Nan ne wurin da nake so ku riƙe da kyau. Ciwon nan yana yin kamar ya tafi.

A wajen sadakar aka zaɓar masa hanta don laushinta. Ya tauna ya haɗiya, sai ya tsaya cik, ya dafe ƙirji, ya tashi ya zaga bayan ɗaki. Da ya dawo ya ce ƙashi ne. Hanta ba ta da ƙashi, amma ba wanda ya faɗa masa haka.

Mako na huɗu akushi yana dawo mini a wanke tas, ina ta murna. Kajin gidan ne suka tona asiri. Na ga sun bar gindin turmi sun koma yini a ƙofar ɗakinsa, sun yi ɓul-ɓul. Na faɗa wa maigidan, ya je ya zauna a gabansa har aka kawo tuwo. Da ba yadda zai yi, sai Baba Malam ya nuna tsakiyar ƙirjinsa ya ce, "Nan yake tsayawa. Kamar jaki da kaya a ƙofar da ta yi masa kaɗan. In ya gaji da tsayuwa ya juyo."

Gwaggo ta ce beli ne ya sauko ya toshe hanya. Aka kira wanzami. Ya leƙa ya ce lalle belin ya ɗan yi tsawo. Ni dai ban taɓa jin wanzami ya leƙa ya ce gajere ne ba. Ya yanke. Kwana biyu jini yana tsattsafowa, ko madara bai sha ba. Ɗan akuyarmu na biyu ya bi wanzamin gida. Abinci kuma ya ci gaba da tsayawa inda yake tsayawa, taƙi guda ƙasa da inda aka yanka.

A mako na shida ko fura sai an tace. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya zama kamar na gauraka. Sai na tuna da wata tsohuwa a Maruta, can ƙasarmu ta Gwaram, ana ce mata Inna Dije, wadda tun ina yarinya ake kai wa masu ƙuna. Na faɗa wa maigidan, shi kuma ya faɗa wa Baba Malam kamar shi ya tuna. Shekarun nan ba a bin hanyar sai cikin ayari, saboda mahara da suke saukowa daga duwatsun kudu, don haka muka jira kwana huɗu har fatake masu zuwa kasuwar Gwaram suka tashi. Na bar yara a wurin Gwaggo. Kwana biyu muka yi a hanya, maigidan yana tallafe da shi a kan jaki, ni ina baya da ƙwaryar kunu a ka.

A ƙofar gidanta akwai wata babbar tsamiya, a gindinta ake jira. Mun tarar da maƙeri da zazzafan ƙarfe ya ci masa ƙafa, da mai jego da ruwan wanka ya ƙona wa baya, da wani marini da tokar rini ta cinye masa fatar hannu, da wasu da yawa. Ba a bin girma a wurinta, wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Mun zo da hantsi, ba mu gan ta ba sai bayan la'asar. Baba Malam, wanda liman yake tashi ya ba shi buzu, ya yini a kan tabarmar kaba tsakanin maƙeri da marini, bai nemi a sa shi gaba ba.

Inna Dije Bafulatana ce, 'yar ƙarama, idonta ɗaya ya mutu. Tana ganin tsagen fuskarsa ta gane kakanninsa daga Barno suka zo, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

"Af, Babarbare ne! Kanwar da kuke kawo wa shanunmu ce ta yi maka kyau ka shanye?"

Ya yi murmushi, na farko tun ranar hanta. Ya ce a dishe, "Na ji an ce baiwarmu ta koyi magani, na zo karɓar rabon ubangida."

"Za ka karɓa. Buɗe bakin, mai kwaɗayi."

Ta leƙa. Ta ba shi kurɓi ɗaya na ruwa, ta kafa kunne a bayansa tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa har ruwan ya wuce. Sai da yatsun hannu biyu suka ƙare ta sake farawa, sannan ta ɗago. Wasan ya bar fuskarta.

"An sa shi amai?"

Maigidan ya ce an sa.

"Sau nawa?"

"Uku."

"To wutar da ta bi hanya sau ɗaya, kun sa ta bi sau huɗu. Belin kuma me ya yi muku?"

Sai ta faɗi maganar da har yau take kunnena. Ta ce, "Kun ga fatar akuya in an shanya ta ba a kafe gefenta da tsinkaye ba? Tattarewa take yi. Ƙunar ta warke. Tabon ne yake tattarewa, kuma a wurin da hannu ba ya kaiwa. Da kun kurkure masa baki kun bar shi da ruwa da madara kaɗan-kaɗan tun ranar farko, wataƙila da hanyar ta fi haka faɗi. Wataƙila na ce. Allah ne masani."

Ta riƙe mu kwana tara. Kafin kowane abinci takan ba shi yauƙin karkashi da man shanu don hanyar ta yi santsi, sannan tataccen romo ko madara, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Rana ta biyu ta shigo ta tarar da ni ina ba shi yadda na saba.

"Ke, wa kike ba wa, shi ko bango?"

Na ce, "Surukina ne, Inna."

"Na sani, ai ban ce kawunki ba ne. Kunyar kike jinya ko mutumin? Juyo nan. Dubi maƙogwaronsa. In ya motsa sau biyu ki ƙara, in bai motsa ba ki dakata. Da ƙeya za ki ga wannan?"

Na juyo. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai. Hancinsa sak na 'yata ƙarama. Shekara tara ban sani ba.

Ya ɗan ji ƙarfi a wurinta, har yana zama ya jingina. Amma kullum da safe in ta kafa kunne a bayansa, yatsun da take lanƙwasawa ƙaruwa suke yi. A rana ta tara ta ce da maigidan, "Ku kai shi gida. Ya fi son ya ji kiran sallar masallacinsa." Na ɗauko zanen da na zo mata da shi, ta ture. Ta ce, "Ba na cin ladan abin da ban warkar ba. In kina da sabulu dai bar mini, na ji an ce naki yana da ƙarfi." Na ba ta dunƙule biyu na bara. Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, sai na yi mata godiya.

A hanyar dawowa ayari ya yada zango a bakin kogi da azahar. Maigidan ya ja jaki ya kai shi ruwa, ya bar mu a gindin wata kanya. Ina ba shi madara sai ya ɗaga hannu.

"'Yar Sara."

Na amsa ƙasa-ƙasa.

"Ranar nan na gan ki."

Ludayin ya tsaya a hannuna.

"Kin fito da tukunya. Kin durƙusa. Na ga bakinki yana motsi." Ya huta, don magana tana cin ƙarfinsa. "Ni kuma na ga totuwa a bakin goran, alhali marfina na itace ne. Na ji nauyin ba ɗaya ba. Na so in ce, yau an sake gora ne? Sai na ce a raina, ina ni ina tambayar matar ɗana. Na toshe hanci."

Na mayar da ludayin cikin ƙwarya.

Ya ce, "Magana ɗaya ce ta rage, ko daga bakinki ko daga nawa, duk muka riƙe. Asabe ba ta sani ba, ɗana bai sani ba. In kin ga dama ki bar ta a nan gindin kanya. In kin ga za ta amfani wani, ki faɗa bayan raina. Ni na yafe miki. Ke ma ki yafe mini, don na bar ki da kayan ke kaɗai har yau."

Na ce na yafe.

"Ban ji ba."

Na sake faɗa.

"Tsufa ya taɓa kunnen. Ɗaga."

Na ɗaga, har maigidan ya waiwayo daga bakin kogi.

Tun daga ranar ya mayar da shi aiki. Kullum da safe in na gaishe shi sai ya kama kunne ya ce bai ji ba, sai na maimaita har maƙwabta sun ji. Kunnensa kuwa lafiya lau, yana jin faɗuwar goruba a bayan gida. Gwaggo ta shigo wata rana ta ji ni, ta riƙe haɓa. "Yarinyar nan Maruta ta lalata ta. Yaya, kana ji tana yi maka magana kamar mai kiran awaki?"

Ya ce, "Ƙyale ta, Asabe. Karatu nake ba ta."

A mako na tara kunu sai na tace shi da ƙyalle sau uku. A na goma madara ce kawai, ita ma wani lokaci ta hanci take dawowa. Yunwa ba ta dame shi sosai ba a ƙarshe, ƙishirwa ce. Yakan nemi a yi masa alwala sau da yawa ko da bai rasa ta ba, na gane don sanyin ruwan ne a fuskarsa. Gwaggo, wadda nake jin haushinta saboda gashin kaza da wanzami, ita ce ta zauna tana yi masa fifita daga hantsi har faɗuwar rana da hannun nan nata mai rawa, tana kuka ba sauti. Ban taɓa faɗa mata abin da Inna Dije ta ce game da amai ba. Da ƙauna ta yi, kuma ina tsaye a wurin ban hana ba.

A na sha ɗaya ko ɗigo ba ya wucewa. Sai na riƙa tsoma auduga a ruwa ina shafa masa a leɓe da harshe. Ranar Alhamis tsakanin azahar da la'asar, kansa yana kan cinyar ɗansa, ya yi kalmar shahada, ni ina riƙe da audugar. Mako goma sha ɗaya da kwana biyu daga ranar goran. Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi.

Ga abin da na koya, ku ɗauka. Ruwan tokar sabulu, da jiƙon rini, da dafin da maza suke dafawa na kibiya, da duk abin da ba a sha, kada ya shiga mazubin da baki ya saba da shi, ko da na ƙiftawar ido ne. In tukunya ta tsage ki bar shi ya bi ƙasa, kara ba ya ƙarewa. Ni yanzu a baƙar tukunya mai karyayyen baki nake ajiye nawa, na ɗaura mata jan tsumma, na rufe ta na danne da dutse a bayan madafa, kuma kowa a gidan sai na faɗa masa da baki, babba da yaro. Wurin da aka saba ajiye abin sha, na abin sha ne kaɗai. In kuma ƙaddara ta faɗa, kada a sa mutum amai, kada a bi shi da tsami. In ya ji sauƙi a mako na uku kada a saki jiki.

Maigidan ya riga ku karanta wannan. A bayan takardun da tawada ta ɓata masa na fara rubutawa, na ajiye masa a kan buzu. Ya karanta har wurin kanya, ya ajiye takardun. Da ya tashi sai ya buɗe gafakarsa ya ɗauko farar takarda, irin wadda yake saya wurin fatake yana adanawa, ya ajiye a gabana ya ce, "Sake shi a nan. Waccan ba za ta jure hannun mutane ba."

Saura abu ɗaya. Da kaka ta zagayo, ƙanen Baba Malam, wanda muke kira Baffa, ya zo daga Birnin Kudu duba rumbunan gado. Dattijo ne mai kwarjini, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ina ƙofar madafa sai na ga ya miƙa hannu ya sauke wani gora daga maratayin nan. Ba ni na rataya ba, ban san abin da ke ciki ba.

Na ce, "Baffa, kada ka sha!"

Yadda na faɗa, tantabarun da ke kan rumbu suka tashi. Goran ya suɓuce daga hannunsa ya fashe. Ruwa ne a ciki, ruwan randa, maigidan ne ya rataya da ya dawo daga gona.

Baffa ya dube ni, ya dubi rigarsa da ta jiƙe, ya fita bai ci abincin da na dafa masa ba. Kafin mako ya zagayo magana ta kai har Sara, cewa matar ɗan Malam ta daka wa surukinta tsawa a tsakar gida. Gwaggo ta daina turo mini amare su koyi kunya. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Amma gobe in na ga wani ya ɗaga goran da ban san cikinsa ba, ko liman ne, haka zai ji.

Nan alƙalamina ya tsaya. Wadda ta karanta ta yi wa Baba Malam addu'a, ta sa ni a ciki. Allah ya sa mu cika da imani.